Faifan Yaya Hamisu da Ƙaryar da Na Yi Masa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana, Malam Hamisu, a maƙabartar ƙauyenmu da ke gabas da Makoda. Lokaci irin wannan ne, gero ya fara ƙosawa, tsuntsaye sun hana kowa sakat. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar biro na rubuta layi ɗaya a kansa ba, ni da tun da na ajiye aikin koyarwa nake cika wa editoci kunne da wasiƙu a kan taki da rijiyar burtsatse. Bana dole ce ta sa. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya a rumfar masu cajin waya a tasha, ina jira a miƙo mini tawa, sai na ji muryarsa tana fitowa daga lasifika. Mutumin da na sa a kabari da hannuna, ga shi yana da shekara ashirin da huɗu, yana rera waƙa, 'yan acaɓa suna kaɗa kai.

Babu wanda ya san mai muryar a cikinsu. Ɗaya ya ce mutumin Mali ne, wani ya rantse ɗan Nijar ne, har ya san garinsu. Ban gyara musu ba. Na karɓi wayata, na manta ban biya kuɗin caji ba sai da aka kira ni. Ni na san hanyar da muryar nan ta biyo har ta iso rumfar, domin ni na fito da ita, bayan na gaya wa mai ita, yana kan shimfiɗar ajali, cewa babu sauranta a duniya. Wannan ƙarya ita ce abin da ya zaunar da ni rubutu yau.

Duk wanda bai kai shekara hamsin ba a ƙauyenmu, Malam Hamisu ɗaya ya sani: dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda ke koyar da karatu a zauren gidanmu da safe, ya wuce gona, ya dawo ya ja sallar la'asar. Idan rediyon wani ta lalace a kawo masa, ya gyara, ya ƙi karɓar komai, amma ba ya barin ta a kunne a gabansa fiye da minti ɗaya. Mutane sun ɗauka tsananin tsoron Allah ne kawai. Haka ne, amma da labari a bayansa.

Babanmu malami ne kuma manomi. Da Yaya ya sauke Alƙur'ani, Baba ya tura shi birni ya koyi gyaran rediyo a wurin wani mutum a Sabon Gari, lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. A shagon nan ne wasu makaɗan otal ke kawo na'urorin ƙara sautinsu in sun ƙone. Yaya kuwa tun muna yara yake harhaɗa garaya da gwangwani da wayar birki, yana kaɗawa a bayan gari inda Baba ba zai ji ba. Wata rana ya gama gyara, ya ɗauki jitar da aka kawo don gwaji, ya saki tsirkiyoyinta ya sake ɗaure su yadda ake ɗaure na garaya. Kafin mai jitar ya dawo daga cin abinci, an riga an ɗauke shi aiki.

Su biyar ne. Inyamurai biyu da suka dawo Kano bayan yaƙi, wani mutumin Gana mai buga molo irin na coci, wani Bayarabe mai ganguna da ake kira Kunle, sai Yaya. Ina kwalejin horon malamai a lokacin, kuma sau ɗaya tak na taɓa ganin su, wata ranar Asabar da rana suna gwaji a bayan otal ɗin. Da ƙyar na gane ɗan'uwana. Gashi tuli a ka, wando matsattse a cinya mai faɗi a ƙasa kamar buhu, ga wani gwangwanin kifi a gaban ƙafarsa da wayoyi suna fita ta ciki. Shi ya ƙera abin da kayan tsofaffin rediyo. In ya taka shi, sai jitar ta bar kuka irin na jita, ta koma gurnani da shessheƙa, ka ji abin har cikin haƙarƙarinka. Waƙa ɗaya sai ta ɗauke su minti goma sha biyar, ta tashi, ta lafa, ta canza hanya, ta sake dawowa. Mai otal yana ta mita cewa ba a iya rawa da wannan hauka. Ni kuwa na tsaya a jikin bango, baki buɗe, ina jin duk Kano babu wanda ya kai ni sa'ar yaya.

Sun tafi Legas, suka yi kwana biyu a ɗakin ɗaukar sauti, aka buga musu faifan garmaho guda ɗaya. Bai yi kasuwa ba. Masu son kiɗan gida suka ce na Turawa ne, masu son na Turawa suka ce na ƙauye ne. Kamfanin ma bai daɗe ba ya rufe.

Labari ya riga ya iso ƙauye cewa ɗan Malam ya zama makaɗin otal. Baba bai taɓa yi masa faɗa ba, bai aika a kira shi ba. Abin da ya yi kawai, duk tsarabar da Yaya ya aiko, sai ya ce a kai wa maƙwabta. Da ciwon ajali ya kama Baba, Yaya yana Legas yana neman wani kamfanin. Saƙo ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Ranar da ya sauka daga mota, an yi addu'ar bakwai da kwana biyu. Ya shiga zaure, ya tarar da buzun Baba a shimfiɗe, ya zauna a gefensa har rana ta faɗi. Washegari ya sa wanzami ya aske masa kai. Bai sake komawa birni da zama ba.

Da akwati ɗaya ya dawo. A ciki akwai faifai goma sha biyu, da wani babban naɗi na zaren ɗaukar magana mai faɗin faranti, wanda ya ce shi ne uwar faya-fayen, daga jikinsa ake buga sauran. Ya karɓo shi ne lokacin da kamfanin ke watsewa.

Daminar shekarar tsuntsayen jan-baki suka sauko mana kamar an aiko su. A wajenmu gonaki manne suke da juna, in maƙwabcinka ya kori tsuntsu gonarka yake faɗawa, don haka kowa sai ya yi dabararsa. Akan ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, a rataya gwangwanaye da tsummoki da duk wani abu mai ƙyalli ko ƙara. Ina gida hutu, wata safiya Yaya ya ce in ɗauko akwatin in biyo shi gonarmu ta Kuka Uku. Da muka isa ya zura kara a ramin naɗin nan, ya ba ni na riƙe da hannu biyu. Ya kama bakin zaren ya fara tafiya. Naɗin yana juyawa a hannuna, shi yana bin kunya, yana ɗaure zaren a jikin karan gero, ya kai ƙarshe, ya juyo, ya gitta. Har hantsi ya dubi ludayi muna wannan aiki. Da iska ta taso sai gonar gaba ɗaya ta ɗauki walƙiya da wani siririn kuka. Faya-fayen kuwa da raminsu a tsakiya, bai sha wahala ba, ya zura igiya ya rarrataye su a kan sanduna. Kafin mako ya zagayo rana ta lanƙwashe su. Maƙwabta suka ga dabarar ta yi aiki, suka zo roƙon ragowar zare, ya yayyanka ya ba su. Shekarar nan geronmu ya fi na kowa tsira.

Goma sha ɗaya ya rataye. Na sha biyun yana cikin rigata tun a hanya. Da muka koma gida na naɗe shi a tsohuwar jarida, na sa shi tsakanin katako biyu, na hau rumbun ƙasa na tsakar gida, na cusa shi a wani lungu can ƙarƙashin jinka. Ban yi don taurin kai kawai ba. Zuciyata ce ta kasa yarda abin da na ji ran Asabar ɗin nan ya ƙare a korar tsuntsaye.

Sau ɗaya na taɓa ja da shi a kan maganar, da ɗan ilimin kwalejina da nake ji da shi. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce: "Sani, duk wanda ya ji abin nan ya shagala har salla ta wuce shi, ina da rabo a ciki. Kuma rabon ba ya tsayawa don na mutu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai hana kowa jin kiɗa ba, bai taɓa hawa mumbari ya zagi mawaƙa ba. Kansa kawai ya yanke wa hukunci.

Daga nan rayuwa ta raba mu. Aiki ya kai ni Bagwai, ya kai ni Zakirai, ya yi ta yawo da ni. Yaya ya auri Hauwa, aka ja katanga, rumbun ya faɗa cikin sashensa. Babu dalilin da zai sa ƙanin miji ya zo hutu ya kama hawa rumbun yayansa, mata suna kallo. Sai na bar faifan a inda yake, ina tuna shi jefi-jefi kamar haƙorin da ke ciwo lokacin sanyi. Yaya Hauwa kuwa ta ɗauke ni abokin wasa tun ranar da aka kawo ta. Ba ta taɓa kira na da sunana ba, sai "mijina na boko". In na shigo sai ta ce a ɓoye fartanya kada ta ji mini ciwo, ta ce hannuna ya fi na amarya laushi, sannan ta turo mini fura da ta fi ta kowa nono. Shekara talatin da biyar muna haka.

Da ciwonsa ya yi tsanani na dawo gida. Wata rana bayan la'asar ya ce kowa ya ba mu wuri. Na zauna a bakin shimfiɗa, ina zaton maganar gona ko ta 'yarsa Rabi zai yi. Sai ya ce: "Sani, faya-fayen nan. Akwai saura?"

Na ce: "Babu, Yaya. Duk rana ta cinye su."

Ya daɗe yana kallo na. Sannan ya ce, "To," ya juya fuskarsa. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa ni, don ya tafi da kwanciyar hankali. Yanzu da na tsufa na daina yi wa kaina wannan kwalliya. Tsoro na ji kada ya ce in je in ɗauko in fasa a gabansa, domin na san in ya faɗa zan yi.

Shekara huɗu da suka wuce wani dattijo mai furfura ya sauka a tashar Makoda da tsohon hoto a aljihu, yana tambayar gidan Hamisu mai jita. Aka yi ta yi masa dariya, har Allah ya haɗa shi da wani tsoho da ya tuna, aka ɗora shi a babur aka kawo mini shi. Kunle ne, mai ganguna. Na kai shi maƙabarta, ya durƙusa ya yi addu'a, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya ƙara sai rawar kafaɗa. Da muka dawo zaure ya gaya mini abin da ya kawo shi, da tsohuwar Hausarsa ta Sabon Gari.

Ashe a ƙasashen Turai akwai ƙananan kamfanoni da ba su da aiki sai farautar faya-fayen wancan zamani da duniya ta manta, na Ingila da na Turkiyya da na Zambiya da namu. Su samo kwafi ɗaya, su wanke sautinsa da na'ura, su sake buga shi da kwalinsa na asali, su haɗa da ɗan littafin tarihin makaɗan. Irin kiɗan su Yaya har suna suke da shi, wai saikedelik, wasu su ce furogiresif. Ɗaya daga cikin kamfanonin ya tsinci faifansu a wata kasuwa a Legas. Fuskar farko tana jiyuwa, ta biyu kuwa ta karce kamar kaji sun yi tono a kanta. Fuska ta biyun nan waƙa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ta Hausa, kuma ta Yaya ce. Sauran ukun duk sun rasu, Kunle kaɗai kamfanin ya samu. Kunle ya bi duk inda yake zato, babu wanda ya ajiye ko guda.

Ya ce: "Malam Sani, jikokina ba su yarda na taɓa yin wani abu a duniya ba. Ni ba suna nake nema ba. Ina so in ji shi sau ɗaya kafin in bi su."

Na so in ce masa babu, tunda bakina ya saba. Amma na dubi furfurarsa, na kasa. Ranar kuwa Yaya Hauwa ta tafi suna ƙauyen da ke gaba da mu. Na jingina tsani, na hau rumbu da gwiwoyina masu ƙara, na zura hannu. Yana nan. Abu ɗaya ya ɗan tsayar da ni: ni a jarida na san na naɗe shi, amma sai na same shi a cikin tsohon farin ƙyalle, an kuma sa shi a ledar buhun taki an ɗaure. Na ce tsufa ne, mutum yakan manta abin da ya yi shekara arba'in. Na miƙa wa Kunle. Da takardar kamfanin ta zo na sa hannu a madadin iyali. Ban shawarci matarsa ba, ban shawarci 'yarsa ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka aiko mini da kwali, sababbin faya-fayai biyar da na asalin a ciki. Ba yadda zan ɓoye, tunda akwai haƙƙin magada a lamarin. Na ɗauki ɗaya na shiga wurin Yaya Hauwa, na yi mata bayani ina haɗa gumi. Ta karɓa ta dubi hoton saurayin nan mai tulin gashi, wanda ba ta taɓa sani ba. Ta miƙo mini abina da hannu biyu, ta ce: "An gode, Malam Sani." Tun daga ranar ban sake jin "mijina na boko" ba. Tana gaishe ni da ladabi, tana aiko mini da abinci, tana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san mu ba zai ce babu abin da ya faru. Ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na karanta ɗan littafin da suka haɗa da faifan. An yabe shi yabon da bai taɓa ji ba yana raye, an zana hoton gwangwanin kifinsa, an yi bayanin yadda ya ɗaure tsirkiya. Shafi bayan shafi a kan kwana biyun da suka yi a Legas. Shekara talatin da biyar da ya yi yana koyar da yaran ƙauye uku, yana sasanta rigimar iyakar gona, yana wankan gawa, layi ɗaya aka ba su: wai ya ɓace a arewa, wataƙila an tilasta masa barin kiɗa. Wannan layi ya ɓata mini rai ƙwarai. Yaya bai ɓace ba, kullum yana zaure, kuma babu mahaluƙin da ya tilasta masa komai. Na rubuta musu wasiƙar gyara mai shafi huɗu, irin tawa. Suka amsa da fara'a cewa za su duba in an sake bugawa.

Daga faifan waƙar ta hau intanet, daga nan ta shiga wayoyi. Nakan zauna in karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinta. Wata mata daga Japan ta ce ba ta jin kalma ɗaya, amma ita take kunnawa tun da mahaifiyarta ta rasu. Wani kuma ya rubuta da murna cewa kowane ƙarshen mako yana sa ta a mashayarsa. In na karanta ta farko sai in ji kamar na yi abin kirki. In na karanta na biyun sai in tuna maganar rabon da ba ya tsayawa. Zaren da muka ja a Kuka Uku, da an so, yini ɗaya ya isa a tattara shi a ƙone. Wannan kuwa babu wanda zai iya tattaro shi, ko kamfanin, ko gwamnati, balle ni.

Na kai maganar gaban malamai biyu da nake girmamawa. Na farko ya ce wanda ya tuba ya wanku, in akwai laifi yana kan wanda ya yaɗa. Na biyu ya ce shi kansa kiɗan malamai sun yi saɓani a kansa tun da, kada in kashe kaina da damuwa. Na gode musu duka. Sai dai ban gaya wa ko ɗayansu maganar bayan la'asar ɗin nan ba, don haka amsar da suka ba ni ta tambayar da na yi ce, ba ta wadda ke ci na ba.

Kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, waƙar tana da daɗi. Na saurare ta fiye da yadda zan iya faɗa a masallaci. Tana farawa da jita ita kaɗai, tana tafiya irin ta garaya, sannan ganguna su shigo a hankali. Labarin mutum ne a bayan babbar mota, yana dawowa gida, yana ƙirga garuruwan da ya wuce. Can wajen ƙarshe, bayan gurnanin ya lafa, sai ya ambaci Kuka Uku, ya ce a gaya wa mai gonar yana hanya. Ya rera wannan ne lokacin da Baba yake raye, kuma Baba bai taɓa ji ba. Kunle dai ya ji. Ya kira ni a waya ranar da nasa ya iso, ya kara wayar a jikin lasifika. Bara ya rasu.

Abin da ya faru a rumfar caji shi ya kai ni ƙarshen haƙurina. Washegari da safe na shiga wurin Yaya Hauwa. Na same ta a gindin rumbun tana ɓarar gyaɗa. Na zauna a kan turmi, na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce: "Na ji ai. Ina bayan ƙofa da ruwan alwalarsa."

Ta ci gaba da ɓara, sannan ta ce: "Kai a zatonka wa yake hawa rumbun nan in za a sake baibaya? Malam ba ya barin kowa ya ɗaga jinkar sai ya fara hawa da kansa. Ya sauko da abin, ya kakkaɓe, ya duba ko gara ta taɓa shi, ya sake naɗewa ya mayar. Jaridarka tun kafin a haifi Rabi ta ruɓe. Ƙyallen da ka gani rawanin Baba ne."

Na ce: "To in ya sani, Yaya, me ya sa ya tambaye ni?"

A nan ne ta ajiye gyaɗar ta dube ni, karo na farko cikin shekara biyu da rabi. Ta ce: "Abin da nake so in sani ke nan, shekara goma sha biyu. Ko so yake ka fasa masa abin da hannunsa ya kasa fasawa. Ko so yake ya ce maka ka riƙe, ya yafe. Ni bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Kai kaɗai ya buɗe wa baki, kai kuma ka rufe. Duk da haka ban riƙe ka ba, don abin yana inda ya bar shi, bai fasa ba, bai fitar ba. Sai ka zo ka yanke masa hukunci, ranar da na tafi suna."

Ta tambaye ni ina na asalin yake, na ce yana wurina, da ƙyallen. Ta ce in mayar da shi inda Malam ya ajiye.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Hamisu, sai in ga abu biyu da ba sa zama a ma'auni ɗaya. Akwai limamai a ƙauyukan nan da a gabansa suka fara haɗa baƙi, akwai iyakokin gona da har yau ba a sake rigima a kansu ba saboda shi ya kafa dutsen, akwai Rabi da ke koyar da matan aure karatu da irin haƙurinsa. Waɗannan shi ya zaɓe su, ya tsaya a kansu har ya mutu. Akwai kuma saurayin nan mai gwangwanin kifi, wanda yanzu ake ji a ƙasashen da Yaya bai taɓa jin sunansu ba. Da ina cewa Yaya ya kashe shi a gonar gero. Yanzu na san duk bayan shekara biyu ko uku yakan hau tsani ya duba lafiyarsa. Abin da yake so a yi da shi bayan ransa, sau ɗaya ya zo faɗa, ni kuma na tare shi da ƙarya, ya ce "To". Wannan amsa ta tafi kabari, kuma babu kamfanin da zai tono ta ya sake bugawa.

Jiya da hantsi na jingina tsani, Yaya Hauwa tana riƙe mini ƙafarsa. Na naɗe faifan a rawanin Baba, na sa a leda, na mayar da shi lungunsa. Na san wannan bai gyara komai ba, ana nan ana jin waƙar a tasha. Da na sauko ba ta tsokane ni ba, amma ta ce in yi hankali da gwiwata.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da Baba a inda babu saƙon da ke makara. In kuma akwai wani nauyi a kan waƙar nan, ya Ubangiji, shi ajiye ta ya yi. Ni na hau na ɗauko.